Neman filin zamiya da ya dace da yara a Landan: abin da na rubuta daga Afrilu zuwa Yuli

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

An ba da hutun makaranta na mako biyu, yau kuma na cika wa Ummi alkawarin da na ɗauka tun bara. Shekararta tara. Tun da ta kalli gasar Olamfik ta Faris a Agustan 2024, ta ga Sky Brown ta samo wa Birtaniya tagulla, ta ga Arisa Trew 'yar Ostareliya mai shekara 14 ta ɗauki zinare, ba ta da zance sai na allon zamiya, wanda su yaran ke kira siketbod. Na ce ta bari sanyi ya wuce. Da ya wuce na ce ta bari a sha ruwa. To an yi ƙaramar Sallah, ba sauran uzuri.

Mamansu ba ta so ba da farko. Abin da ta sani na wannan harka shi ne samarin da ke ɗaure takalmin taya a titunan Kano suna kama bayan adaidaita sahu. Ta ce, "Abban Ummi, ni dai kar ka karya mini yara." Muka yi sharaɗi uku: ba hawa titi, ba hawa allo sai da hular kwano, ba fashin Islamiyya.

Muna zaune a Barking, gabashin Landan. Niyyata in zaga da su filayen zamiya na cikin gari da na kewaye, in rubuta wanda ya dace da ƙananan yara da wanda bai dace ba, don iyaye irina.

Sayayyar yau: allo ɗaya daga wani babban kanti, fam 20. Hular kwano biyu, fam 48, na duba cikinsu na ga lambar EN 1078, wato an gwada su don keke da irin wannan wasa. Kariyar gwiwa da gwiwar hannu da wuyan hannu, saiti biyu, fam 36. Jimla fam 104. Auta, mai shekara shida, zai riƙa karɓa-karɓa da yayarsa.

Talata, 8 ga Afrilu

Mun je ƙaramin filin unguwa, tafiyar minti goma a ƙafa. Gangare uku ne na ƙarfe da aka dasa a kan kwalta. Kwaltar ta tsufa, duk tsakuwa ta fito. Ummi ta tura allon, ya yi taku biyu ya tsaya cak. Ta sake, ya sake tsayawa. Na ɗaga shi na murza tayar da hannu, ko zagaye uku ba ta yi ba. Ƙarfen da ke riƙe tayoyin, wanda suke kira tirok, ashe ma ba ƙarfe ba ne, roba ce aka yi wa fenti. In ta karkata jiki don ta juya, allon sai ya miƙe abinsa.

Ta ɗauka ita ce ba ta iya ba, ta zauna ta yi shiru. Wannan ya fi asarar fam 20 ɗin ci mini rai. Araha ba ta ado.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na kai su shagon da ba a sayar da komai sai kayan wannan wasa. Saurayin da ke wurin ya sa Ummi ta tsaya a kan alluna uku, ya zaɓar mata mai faɗin inci 7.5. Ya ce manya sun fi hawa inci 8 zuwa sama, amma ƙafar yaro ba ta iya sarrafa mai faɗi. Allon kirki falle bakwai ne na katako da aka manne, samansa kuma an lulluɓe da wani abu kamar samfefa don kar takalmi ya zame.

Ya yi mini bayanin taya, kuma ya kamata kowane uba ya sani kafin ya fitar da kuɗi. Lambar da ke jikin taya taurinta take nunawa. Mai 99A tauri gare ta, tana gudu a kan sumul ɗin kankare, amma ƙaramar tsakuwa na iya tsayar da ita nan take, mai allon ya wuce gaba. Mai 78A zuwa 87A taushi gare ta, tana haɗiye ƙurajen ƙasa. Muka ɗauki mai tauri saboda filayen kankare za mu fi zuwa. Ya kuma sassauta notin tirok ɗin, ya ce robar da ke ciki, wato bushin, an yi ta ne don nauyin babba, yaro mara nauyi ba zai iya lanƙwasa ta ba sai an sassauta.

Da ya ciro boris ɗin tayar ya nuna mini, sai na tuna yarintata. Mu ma mun yi irin wannan, muna roƙon tsohon boris a garejin makanikai mu kafa a jikin katako mu gangara daga tudu. Ba hula, ba komai.

Allo fam 65, sifanar ɗaure shi fam 8. Ummi ƙafar hagu take sawa gaba, Auta ta dama.

Asabar, 12 ga Afrilu

Victoria Park, da misalin ƙarfe uku na rana. Kuskuren lokaci muka yi, ba na wuri ba.

Filin yana da kyau ƙwarai. Kankare ne sumul, an sa masa sunan Ben Raemers, ƙwararren ɗan wasan Birtaniya da ya rasu a 2019. Akwai wani rami mai zurfi kamar ƙatuwar ƙwarya, wanda manya ke shiga suna zagayawa har su kusa kifewa a sama. Kusa da shi akwai wurin wasan yara da banɗaki da wurin shan shayi, abin da duk mai tafe da ɗan shekara shida ya san darajarsa.

Amma rana ta fito, hutu ake yi, wurin ya cika maƙil: masu allo, masu keken BMX, da ƙananan yara a kan sikuta suna ratsawa ta ko'ina. Minti arba'in muka yi, Ummi ba ta hau sau biyar ba. Duk sanda ta ɗora ƙafa sai wani ya shararo ta gabanta.

Na zauna na lura, sai na gane ba hargitsi ba ne kamar yadda na zata. Akwai ƙa'ida, ba a rubuce take ba. Kowa yana da layin da yake bi daga wannan gefe zuwa wancan. Ana jira mai ciki ya gama ko ya faɗi kafin wani ya shiga. Ba a zama a kan dakalin da ake hawa. In allonka ya kuɓuce ya nufi mutane, ka ɗaga murya ka faɗa. Manyan sun san wannan, ƙananan ne ba wanda ya gaya musu, iyayensu kuma suna can gefe suna duba waya. Mafi yawan karon da na gani yau daga nan ya fito. A hanyar dawowa na bi ƙa'idojin da su ɗaya bayan ɗaya har suka haddace.

Kuɗin mota nawa ne kaɗai, domin yaran da ba su kai shekara 11 ba kyauta suke hawa bas, haka ma jirgin ƙarƙashin ƙasa in suna tare da babba.

Talata, 15 ga Afrilu

An tashi da yayyafi, kuma jiƙaƙƙen kankare santsi gare shi, ruwa yana lalata boris da katakon allo. Sai muka hau jirgin ƙasa na layin District zuwa Embankment, muka tsallaka gadar ƙafa zuwa Southbank, inda ake wasan a ƙarƙashin ginin Queen Elizabeth Hall.

Gani ya kori ji. Tun shekarun 1970 ake zamiya a wannan lungu, ba don an gina shi saboda haka ba, yara ne suka ga gangare da rufi suka mayar da shi nasu. A 2013 aka so mayar da wurin shaguna da wuraren cin abinci, masu wasan suka kafa ƙungiyar Long Live Southbank suka yi ta fafutuka har aka yi yarjejeniyar barin wurin a 2014. A 2019 ma aka sake buɗe wani ɓangare da aka daɗe da toshewa.

Wuri ne na kallo ga mai ƙananan yara, ba na koyo ba. Akwai ginshiƙai, akwai matakala, masu wasan ƙwararru ne masu gudu, ga 'yan yawon buɗe ido jingine da shinge suna ɗaukar hoto. Ummi ta rungume allonta ta ce, "Abba, ba zan shiga ba, kowa kallo yake." Na ce ba sai ta shiga ba. Muka yi awa guda muna kallo, Auta yana ƙirga sau nawa wani saurayi ya faɗi a kan abu ɗaya. Ya kai goma sha bakwai kafin ya samu, da ya samu kuwa sauran suka riƙa buga allunansu a ƙasa, tafinsu ke nan.

Alhamis, 17 zuwa Litinin, 21 ga Afrilu

Tura allo da tsayawa kawai, a daɓen bayan gida. Kullum minti ashirin.

Asabar, 26 ga Afrilu

Mile End, ƙarfe bakwai da rabi na safe. Wannan ita ce rana mafi amfani tun da muka fara.

Islamiyya ƙarfe goma take farawa, don haka na tashe su da wuri. Daga Barking jirgi ɗaya ne. Filin yana kudancin Mile End Park, gefen gadar jirgin ƙasa. Da muka isa mutum biyu kaɗai muka tarar, wani magidanci da 'yarsa. Abin da wurin yake da shi wanda yaro mai koyo ya fi bukata shi ne shimfiɗaɗɗen fili mai santsi, da 'yan dakali marasa tsawo. Ummi ta yi ta kai da komo ba mai tsare mata hanya. Kafin ƙarfe tara ta iya ɗaga hancin allon kaɗan ta juya shi hagu da dama. Auta ya gangara wani ɗan tudu a tsugune, ya tashi yana ihu.

Na fara canza tunani a kan abin da nake nema. Da na ɗauka akwai wani fili guda da za a ce shi ne na yara. Yanzu ina ganin fili ɗaya na iya zama na yara da safe, da yamma ya zama na manya. Abin da zan riƙa dubawa: santsin ƙasa, ko akwai fili shimfiɗaɗɗe, ko daga inda nake zaune ina ganin ko'ina, ko akwai banɗaki kusa, sannan wane lokaci ne ba kowa.

Wani ƙaramin abu: dogon hijabin Ummi yana sauka har gwiwa, in ta durƙusa yana taɓa taya. Mamansu ta samo mata gajere mara kauri wanda hular ke zama daidai a kansa, fam 9.

Alhamis, 1 ga Mayu

Zafi sosai, an ce ma'auni ya haura digiri 29 a Kew, wata unguwa a Landan. Bayan makaranta muka leƙa filin unguwa, gangaren ƙarfen ya ɗau zafi har Auta ya dafa ya janye hannu. Muka dawo.

Matsalar ita ce filayen kirki duk sai an hau jirgi, a ranakun makaranta kuma ba hali. Na auna daɓen bayan gida, tsawonsa mita bakwai. Na yanke shawarar haɗa musu ƙaramin gangare na katako. Na tambayi mai gidan, ya ce ba laifi muddin ba a kafe shi a ƙasa ba.

Asabar, 3 ga Mayu

Filin zamiya na BaySixty6, ƙarƙashin gadar Westway a yammacin Landan. Layin Hammersmith & City daga Barking yake tashi, ba canjin jirgi, amma tafiyar ta kusa awa guda. Ana biya, kuma akwai lokacin da aka ware wa masu koyo, na kama mana gurbi tun a gida. Gangarensu na katako ne, gadar kuma ta zama rufi. Yau na nemi izini a Islamiyya, na gaya wa mamansu sau ɗaya ne.

Abin da ya fi amfani shi ne yadda mai koyarwar ya fara da faɗuwa kafin komai. Ya sa su durƙusa a kan kariyar gwiwa su zame, ya hana su tokare ƙasa da miƙaƙƙen hannu. Ni kuma na yi ta leƙen gangarensu, ina duba yadda aka jera katako da yadda bututun ƙarfen da ke bakin gangaren ya zauna. Wuri ne da ya dace da yara ƙwarai, sai dai nisa da kuɗi ba za su bar mu mu zo kowane mako ba.

Litinin, 5 ga Mayu

Hutun banki, na fara aiki. Tsayin gangaren santimita 60, faɗinsa 122, daidai faɗin fallen filawud. Don zana lanƙwasar, na ɗaura fensir a igiya mai tsawon santimita 180, na kafa ɗaya bakin da ƙusa, na ja. In igiyar ta gajarta gangaren zai miƙe tsaye da sauri, yaro ba zai ji daɗinsa ba. Na yanke gefe biyu daga filawud mai kaurin milimita 18 da zarton lantarki da na aro wurin wani ɗan'uwa a masallaci. Na haɗa su na goge da samfefa har suka zama ɗaya.

Asabar, 10 ga Mayu

Ranar asara.

Da safe komai ya tafi daidai. Na yanka tu-bai-fo guntu-guntu, kowanne santimita 118, na jera su tsakanin gefunan biyu, tazarar santimita 20. Ƙwarangwal ɗin ya tsaya da ƙarfi, na hau na yi tsalle bai motsa ba.

Sai wajen rufe sama. Na sayo filawud mai milimita 12, a tunanina falle ɗaya mai kauri ya fi biyu marasa kauri, kuma zai rage aiki. Na ɗaure saman da sukuru, na fara danna shi yana bin lanƙwasar. Ya yi ta ƙara. Na sa gwiwa na danna tsakiya, sai ji na yi ƙas, ya tsage daga wannan gefe zuwa wancan. Fam 33 ta tafi.

Na kira wani kafinta ɗan garinmu da ke aiki a Ilford, na nuna masa ta waya. Ya ce, "Malam, kuskure biyu ka yi." Na farko kauri. Na biyu, wanda ban taɓa sani ba, filawud yana da jijiya, kuma jijiyar fallen waje tana bin tsawonsa ne. In ka lanƙwasa shi ta tsawo kana faɗa da jijiyar. Ya ce in sayi mai milimita 6 guda biyu, in raba kowanne gida biyu ya zama murabba'i, in juya shi jijiyar ta kwanta a gicciye, sai ya bi lanƙwasar da kansa. Tun da tsawon lanƙwasar ya kai wajen santimita 150, dole a yi haɗi, to haɗin ya faɗo a kan tu-bai-fo, kuma na fallen sama kar ya hau kan na ƙasa. Ya ƙara da cewa kowane sukuru in nutsar da kansa cikin katakon, domin wanda ya leƙo ko kaɗan zai yanki yaro in ya zame.

Da na kira shi tun ranar Litinin da ban yi wannan asara ba.

Asabar, 17 ga Mayu

An gama. Filawud ɗin ya kwanta lafiya lau kamar yadda ya faɗa. Na sa bututun ƙarfe mai kaurin milimita 60 a baki, ya ɗan leƙo kaɗan sama da katakon. A ƙasa na sa farantin ƙarfe don taya ta hau ba tare da tuntuɓe ba. Fenti shafe biyu.

Lissafi: filawud mai 18, fam 44. Wanda ya tsage, 33. Mai 6 guda biyu, 46. Tu-bai-fo bakwai, 35. Sukuru, 13. Bututu, 17. Faranti, 26. Fenti, 15. Tamfol na rufewa, 11. Jimla fam 240. Na yi kasafin 150.

Yaran suna hawa daga ƙasa su dawo da baya. Ba wanda ya sauko daga sama tukuna.

Talata, 20 ga Mayu

Maƙwabciyarmu ta ƙwanƙwasa ƙofa. Aikin dare take yi, da yamma take barci kafin ta fita. Cikin mutunci ta ce ƙarar tana shiga har ɗakinta. Na je bayan gangaren na saurara, gaskiyarta ne, cikinsa fanko ne, yana amsawa kamar ganga. Na ba ta haƙuri. Na cusa tsohon kafet a ciki, na rufe bayan da ragowar filawud ɗin da ya tsage, na shimfiɗa tabarmar roba a ƙarƙashi, fam 20. Ƙarar ta ragu sosai. Muka yi da ita cewa ranakun da take aiki ba za a hau ba sai ta fita.

Lahadi, 25 ga Mayu

Ina rubuta wannan da dare, bayan mun dawo daga asibiti.

Saukowa daga sama shi ne babban mataki ga mai koyo. Za ka ɗora wutsiyar allon a kan bututun baki, ka taka ta da ƙafar baya, allon yana reto a iska, sannan ka ɗora ƙafar gaba ka danna da dukkan nauyinka. Jiki yana son ya ja baya saboda tsoro, kuma ja da bayan shi ne faɗuwar. Ummi ta yi kwana uku tana hawa ta tsaya ta sauko. Yau bayan la'asar na ce mata, "Ummi, daure ki gwada, ai ba tsawo." Ta ce, "Abba, ban shirya ba." Na ce sau ɗaya kawai. Hular tana kanta, kariyar gwiwa tana ƙafarta, amma ta wuyan hannu tana cikin jaka tun jiya, kuma na gani ban ce a ɗauko ba.

Ta danna rabi, ta ja baya. Allon ya harba gaba, ta faɗo ta baya ta tokare da hannun hagu. Ba ta yi kuka sosai ba, ta dai riƙe hannun a ƙirji ta ƙi bari a taɓa. Na ɗauka targaɗe ne. Bayan awa guda ya kumbura. Na kira 111, lambar neman shawarar lafiya, suka ce a kai ta a duba.

An ɗauki hoton ƙashi. Likitar ta ce ba karaya ce ta raba ƙashi biyu ba. Ƙashin yara ɗanye ne, maimakon ya karye sai gefe ɗaya ya ɗan lotsa kusa da wuyan hannu, kuma wannan na daga cikin raunin da suka fi gani a yara. Ba a sa siminti ba, abin ɗaure hannu aka ba ta mai cirewa, na mako uku. Ba hawa allo sai bayan mako shida.

Mamansu ba ta ce mini komai ba a mota, kuma na san abin da ta faɗa tun ranar farko. Laifin nawa ne. Na kashe kuɗi da kwanaki a kan gangaren, ina so in ga an yi abin da na gina shi dominsa, sai na sa son raina gaba da maganar yarinyar. Ta faɗa mini a fili ba ta shirya ba. Kafin ta kwanta na zauna bakin gadonta na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ba komai Abba," sannan ta tambaya ko za a hana ta wasan gaba ɗaya. Na ce sai abin da mamanta ta ce.

Na rufe gangaren da tamfol.

Laraba, 28 ga Mayu

Mamansu ta yanke hukunci: za a ci gaba, amma sharaɗi ya zama huɗu. Kayan kariya duka ko ba hawa, kuma ba mai cewa yaro ya gwada abin da bai ce yana so ba.

Hutun tsakiyar zango ake yi, muka tafi Stockwell, kusa da Brixton, Auta zai hau Ummi za ta kalla. Tun 1978 filin yake, kyauta ne, kuma bai yi kama da sauran ba. Tudu ne da kwari a jere kamar raƙuman ruwa, ba sai ka sauko daga wani baki mai tsini ba, kana iya shiga a hankali ka bar ƙasar ta ɗauke ka. Da safe muka je, kuma na ga ya dace da yaron da ya riga ya iya tsayawa da juyawa. Wanda bai iya ba gudu zai kwashe shi.

Wani dattijo mai furfura, da allonsa, ya ga hannun Ummi ya tambaye ta. Da ta ba shi labari ya ce shi ma nasa ya taɓa karyewa yana yaro. Da ya ji daga gabas muke sai ya ce ai muna kusa da filin zamiya na Rom, a Hornchurch. Shi ma a 1978 aka gina shi, haka na Harrow, lokacin da wasan ya fara tashe a ƙasar nan, kuma yawancin filayen wancan zamani an rushe su. A 2014 aka sa Rom cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta kare, shi ne filin zamiya na farko a Turai da ya samu haka. Ya ce mu je mu gani, amma kar in yi gaggawar sa yara a ramukansa, tsohon kankare ne mai kaushi da zurfi, ya fi son taya mai taushi da ƙafar da ta saba.

Juma'a, 6 ga Yuni

Babbar Sallah. Ba wasa. Ummi ta sa lalle a hannu ɗaya.

Litinin, 16 ga Yuni

An cire abin ɗaure hannun. Ba ciwo, sai ɗan tauri. Saura mako uku.

Na buɗe tamfol na tarar danshi ya taru a ƙasa, gefe ɗaya na filawud ɗin ya fara kumbura. Na goge, na sake fenti, na ɗora gangaren a kan 'yan katakai in ba a amfani da shi don iska ta ratsa.

Asabar, 21 ga Yuni

Ranar masu allon zamiya ta duniya, ko'ina zai cika, ga zafi. Muka je Victoria Park ƙarfe bakwai na safe, rana ta daɗe da fitowa domin yanzu kafin biyar take hudowa. Filin da ya gagare mu a Afrilu yau mu kaɗai ne sai mutum uku. Auta ya yi awa ɗaya da rabi a gefen da ba zurfi. Ummi ta zama mai tsaro, tana gaya masa lokacin da layi ya buɗe. Na sayi ƙaramar tsintsiya, fam 3, ina share tsakuwa kafin ya fara.

Asabar, 12 ga Yuli

Ummi ta koma kan allo tun ranar Litinin, a shimfiɗaɗɗen daɓe kawai. Yau Mile End da sassafe, ta dawo da juyinta kamar ba ta huta ba.

Da yamma, bayan maƙwabciya ta fita, ita da kanta ta ce a buɗe gangaren. Ta sa kayanta duka. Ta hau daga ƙasa sau da yawa, a na ƙarshe ta ɗaga hancin allon ta juya a tsakiyar lanƙwasar ta sauko ta gaba, abin da ba ta taɓa yi ba. Daga nan ta hau sama ta ɗora wutsiyar a kan bututun. Ta ce, "Abba, riƙe mini hannu biyu." Na tsaya a ƙasa na riƙe. Ta danna, tayoyin gaba suka buga katako, ta sauko a tsaye. Muka yi haka sau shida. Na bakwai ta ce hannu ɗaya. Na takwas ta tsaya a sama ta daɗe, sannan ta ɗauke allon ta ce ya isa na yau. Na ce to.

Abin da aka kashe zuwa yanzu, ban da kuɗin jirgi da na shiga BaySixty6: fam 449.

Abin da ke gaba in Allah ya yarda: allo na biyu don Auta, mai inci 7.25, domin rigimar karɓa-karɓa ta yi yawa. Saitin taya mai taushi saboda kwaltar filin unguwa. In an ba da dogon hutu za mu gwada Crystal Palace a kudu da Clissold Park a arewa, duk da sassafe, sannan mu je Rom kallo. Sukuru biyu a gefen hagu na gangaren sun fara leƙowa, gobe zan nutsar da su kafin kowa ya hau.